Filin Tambayoyin Manoma: Takin Zink a Gonar Masara

Wasiƙun da suka iso wannan fili tun faɗuwar damina sun fi karkata ga masara, kuma da yawa daga cikinsu, ko da masu rubutun ba su ambaci sunan abin ba, magana ɗaya suke yi, wato ƙarancin sinadarin zink a ƙasar noma. Na zaɓi biyar na haɗa su a fitowa ɗaya, domin amsar kowace tana ƙarasa ta 'yar'uwarta.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Masarata ta fito da kyau, amma da ta kai mako uku sai na ga sababbin ganyaye suna fitowa da farin zane mai faɗi, kuma tsiron ya tsugune a wasu sassan gonar alhali sauran sassan sun yi kore shar. Na ƙara yuriya har sau biyu, ban ga canji ba. Maƙwabcina ya ce ciwon zane ne, wani kuma ya ce irin ne ba shi da kyau. Mene ne gaskiyar lamarin? (Wani manomi daga Saminaka)

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ba zan yanke hukunci a kan gonar da ban taka ba, amma abubuwa uku da ka faɗa, wato lokacin da alamar ta bayyana, da ganyen da ta kama, da kuma yadda yuriya ta kasa gyara ta, duk sun fi nuni ga yunwar zink. Wannan sinadari shi ne wanda wasu littattafai ke kira tutiya, kuma shi ne ake shafa wa kwanon rufi don kada ya yi tsatsa. Tun a 1926 masana suka tabbatar cewa tsiro ba ya kammala rayuwarsa sai da shi, kuma a cikin hatsin da muke nomawa masara ce ta fi saurin nuna damuwa idan ya yi ƙaranci, ta fi gero da alkama nesa ba kusa ba.

Ka koma gonar da safe ka duba ganyen da kyau. Idan zink ne, farin zanen yana farawa ne daga gindin ganye, kusa da kara, ya bi gefe biyu na jijiyar tsakiya, ita kuwa jijiyar da bakin ganyen da tsininsa su zauna kore. Gaɓoɓin karan za su kasance gajeru, ganyaye sun cunkushe wuri guda kamar an danne tsiron daga sama, kuma idan abin ya tsananta sabon ganyen da ke cikin tsakiya yakan fito fari fat. Dalilin da ya sa alamar ke kama sababbin ganyaye shi ne zink ba ya saurin tashi daga tsohon ganye ya koma sabo, saboda haka wanda ya fito daga baya shi ne ke rasa rabo. Yunwar naitirojin, wadda yuriya ke magani, akasin haka take: tana farawa daga tsofaffin ganyaye na ƙasa, rawayar ta taso daga tsinin ganye ta bi jijiyar tsakiya ta shiga ciki. Wannan ne ya sa buhunan yuriyar da ka ƙara ba su taɓa matsalar ba. Ƙarancin farar wuta yana kama sababbin ganyaye shi ma, sai dai yakan sa ganyen gaba ɗayansa ya koɗe ya yi rawaya-rawaya, kuma sau da yawa su biyun suna haɗuwa a gona ɗaya a ƙasar jigawa.

Maganar maƙwabcinka tana da tushe, don haka kada ka yi watsi da ita. Ciwon zanen masara cuta ce da wasu ƙananan ƙwari masu tsalle ke yaɗawa, amma zanenta sirara ne, a tsittsinke, sun watsu a duk faɗin ganyen, kuma takan kama tsiro ɗaya ta bar na kusa da shi lafiya ƙalau. Yunwar zink kuwa fili take kamawa, ka ga wani yanki na gona gaba ɗaya ya tsugune, kuma idan ka lura za ka tarar yankin yana da tarihi: ko dai wurin da ruwa ya kwashe ƙasar sama ne, ko inda aka baje tudu da katafila ko aka rushe suri, ko inda ake tara kara ana ƙonawa duk shekara har toka ta yi yawa, ko kuma gefen da yashi ya fi yawa. Ka kuma tona gindin tsiro biyu ko uku ka tabbatar ba ƙuduji ne ke tsotsar saiwar ba, domin shi ma yana tsugunar da masara tun kafin ya ɓullo sama.

Me ya sa ƙasarmu ke rasa shi? Yawancin gonakin tudu na Kaduna da Katsina da Kano da Bauchi ƙasa ce mai yashi wadda tun asali zink ɗinta kaɗan ne, kuma ruɓaɓɓen ciyayin da ke riƙe shi ya yi ƙaranci ƙwarai. A da ana barin gona ta huta, ana kai takin gida da jakuna, makiyaya kuma suna kwana da shanu a gona bayan girbi. Yanzu gona ɗaya ake noma kowace shekara, ana shuka iri mai yawan haihuwa wanda ke ɗiban abinci da yawa, ana kwashe kara da ganye a kai wa dabbobi ko a yi danni da girki, abin da ake mayar wa ƙasa kuma kamfa ne da yuriya, waɗanda ba su ɗauke da zink sai idan an ƙara musu shi da gangan. Masarar da ta ba da tan 5 a hekta ba ta ɗaukar fiye da 'yan ɗaruruwan giram na zink, abin da bai cika kwano ba, amma idan an shekara ashirin ana ɗiba ba a mayarwa, dole wata rana rumbun ya nuna gindinsa.

Akwai kuma inda zink yana nan a ƙasa amma tsiro ba ya iya kaiwa gare shi. Ƙasa mai kanwa ko mai yawan toka tana ɗaure shi. Masu awon ƙasa suna cewa duk lokacin da ma'aunin pH, wanda ke nuna tsami ko kanwar ƙasa, ya hau da lamba ɗaya zuwa ɓangaren kanwa, narkewar zink tana raguwa kusan ninki ɗari. Yawan fosfaras ma yana hana shi shiga, musamman ga wanda ke zuba sufa ko DAP da yawa a gindin tsiro, domin ban da ɗaurewar da yake yi, yana rage wata funfuna mai amfani da ke zaune a jikin saiwa tana miƙa siraran zaruruwa tana jawo mata abinci daga nesa. Tabbaci na ƙarshe yana wurin awo. Ka nemi malamin gona na yankinku ya taimake ka ka ɗebi ƙasa daga wurin da ya lalace da wurin da ya yi kyau, kowanne a leda daban, a kai ɗakin awon ƙasa irin na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya. Idan kana son amsa cikin gaggawa, ka fesa ruwan zink a kunya biyar ka bar biyar na kusa da su. Idan shi ne matsalar, ganyayen da za su fito a cikin kwana goma zuwa mako biyu za su fito kore.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina noman hekta shida na masara, ina sa buhu takwas na kamfa da buhu biyu da rabi na yuriya a kowace hekta. Mai sayar da taki yana ta matsa mini in sayi zink, yana cewa zai ninka mini amfani. Shin gaskiya ne, ko neman ciniki ne kawai? (Wani manomi daga Funtuwa)

Amsa: Barka kadai, Alhaji. Takin da kake sawa ya yi daidai da abin da aka daɗe ana ba da shawara a yankinku, wato kimanin kilo 120 na naitirojin da 60 na fosfet da 60 na fotash a hekta, kuma manomi irinka shi ne ya fi cancanta ya yi wannan tambaya, domin sai an ƙosar da masara da manyan abincinta kafin ƙananan su fito fili a matsayin abin da ke riƙe ta. Amma maganar ninkawa ban yarda da ita ba, kuma ba na son a riƙa sayar wa manoma kaya da irin wannan alkawari. Zink yana ninka amfani ne kawai a gonar da yunwarsa ta kai matuƙa, inda masarar ta kusa ƙin yin goyo gaba ɗaya, kuma da gonarka ta kai haka da ka rubuto mini irin wasiƙar da ɗan'uwanmu na Saminaka ya rubuto.

Ga abin da bincike ya nuna. Wani nazari da aka wallafa a 2023, wanda ya tattara sakamakon gwaje-gwaje daga ƙasashe da dama, ya samu cewa a matsakaici sa zink ya ƙara amfanin masara da kimanin kaso 17 cikin ɗari. Kalmar matsakaici ita ce abin lura, domin a cikin wannan lissafi akwai gonakin da suka samu ƙari mai yawa, akwai kuma waɗanda ba su samu ko ƙwaya ba. A nan gida, gwajin da masu bincike na IITA, cibiyar binciken aikin gona ta ƙasa da ƙasa, da na Jami'ar Bayero suka yi a gonakin manoma a jihohin Kaduna da Katsina da Kano a daminar 2015 da ta 2016 ya nuna cewa naitirojin da fosfaras su ne suka fi riƙe amfanin masara a mafi yawan gonaki, ƙarin da ƙananan sinadarai suka kawo kuma a wasu gonaki ne ya fito, ba a ko'ina ba. Saboda haka wanda kuɗinsa bai kai ya sayi isasshen kamfa da yuriya ba, kada ya rage su don ya sayi zink, sai idan ya ga alamar a gonarsa ko awo ya nuna masa.

Duk da haka akwai abin da ya sa ba zan ce ka rufe kunne ba. Masara tana iya rasa wani kaso na amfaninta ba tare da ganye ya nuna komai ba, abin da masana ke kira ɓoyayyiyar yunwa. Zink yana cikin aikin haɗa sinadarin da ke sa gaɓa ta miƙe, yana kuma cikin aikin samar da ƙurar fure mai rai. Idan ya gaza, gemun masara yakan makara wajen fitowa har furen sama ya gama zubar da ƙurarsa, sai ka ɓare goyo ka tarar da giɓi a jikin totuwa, ko bakinta ya zauna babu ƙwaya. Manomi yakan ɗora laifin a kan ruwa ko iri, kuma wani lokaci da gaskiyarsa, amma wani lokacin zink ne.

Hanyar da na fi amincewa da ita ita ce ka tambayi gonar da kanta. Ka ware kunya goma ka sa musu zink, ka bar goma na kusa da su, ka maimaita haka a wurare uku daban-daban na gonar, iri ɗaya, ranar shuka ɗaya, sauran taki ɗaya, noma ɗaya. Ka kafa turaku don kada 'yan ƙwadago su gauraya su ranar girbi, ka busar da kowane kashi daban, ka sussuka, ka auna a sikeli, domin ido yana ruɗin mai gona, musamman idan ya riga ya kashe kuɗi yana fatan ganin sakamako. Idan kana samun buhu 40 a hekta, ƙarin kaso goma cikin ɗari buhu huɗu ke nan, kuma kai ka fi ni sanin kuɗin buhu huɗu a kasuwar Dandume idan aka gwada da kuɗin rabin buhun zink da hekta ke buƙata. Ka tuna kuma cewa wanda aka sa a ƙasa ba na shekara ɗaya ba ne, yakan yi aiki damina biyu zuwa uku, don haka a kan shekarun nan za ka raba kuɗinsa. A ƙasar Turkiyya, a yankin Anatoliya ta Tsakiya, da irin wannan gwaji na gefe da gefe aka gano a farkon shekarun 1990 cewa zink ne ke riƙe alkamarsu, daga nan kamfanonin takin ƙasar suka fara haɗa shi a cikin kamfa.

Tambaya: Malam, ina noman rani a Kadawa, kuma masarar da nake shukawa a watan Disamba tana yin wannan farin zanen kusan kowace shekara. Na sayi zink salfet amma ban san yadda ake sa shi ba. Nawa ne awonsa, kuma a ƙasa ake sawa ko fesawa ake yi? (Wani manomi daga Kura)

Amsa: Lokacin shukarka yana da hannu a cikin abin da kake gani. A tsakiyar hunturu ƙasa tana yin sanyi, saiwa ba ta yaɗuwa da sauri, zink kuma ba ya tafiya a cikin ƙasa ya iske saiwa, sai dai ita ta iske shi. Shi ya sa wani lokaci za ka ga masarar ta warware da kanta idan zafi ya fara shigowa a Fabrairu, amma kafin nan ta riga ta yi asarar makonnin da ba za su dawo ba. Ƙari a kan haka, filayen ban ruwa an baje su ne da injina, wasu wuraren an kankare ƙasar samansu, wasu kuma kanwa ta fara tasowa saboda ruwan da ke kwanciya. Idan kana cika fangali da ruwa har ya kwana, ka rage, domin masara ba shinkafa ba ce, kuma jiƙewar da ta wuce kima tana ƙara tsananta matsalar.

Da farko ka karanta jikin buhun, ka nemi haruffan Zn da lambar da ke gefensu. Zink salfet iri biyu ne a kasuwa. Akwai mai ƙyalli kamar sukari, wanda zink ɗinsa kimanin kaso 21 ne cikin ɗari, akwai kuma mai kama da gari ko ƙananan ƙwayoyi wanda ke da kaso 33 zuwa 35. Abin da ake nema a gonar da ke da yunwa shi ne kimanin kilo 5 na zink tsantsa a hekta, wato kilo 25 na iri na farko ko kilo 15 na iri na biyu. Ga mai lissafi da eka, kilo 10 ke nan na farko ko kilo 6 na biyu. Akwai kuma zink oksayid, wanda lambarsa ta fi girma amma ba ya narkewa da sauri, saboda haka bai dace da mai neman gyara a cikin wannan shukar ba.

Wahalar ita ce rabawa. Idan ka shuka a tazarar santimita 75 tsakanin kunya da 25 tsakanin rami, kana da tsiro sama da 53,000 a hekta, kuma kilo 25 idan aka raba musu kowanne bai samu rabin giram ba, abin da yatsa ba zai iya aunawa ba. Don haka ka gauraya shi sosai da busasshen yashi ko rairayin gona, kamar buhu biyu ko uku, ka watsa kafin huɗa domin garma ta juya shi ya shiga inda saiwa za ta bi. Wanda aka watsa a saman ƙasa bayan shuka aka bar shi a nan, amfaninsa kaɗan ne, domin ba ya nutsewa da ruwa kamar yuriya. Kana iya kuma haɗa shi da takin farko ka binne a gefen tsiro, amma ka haɗa a ranar da za ka sa, kada ka gauraya shi da kamfa ko sufa ka ajiye, domin yana jan laima ya dunƙule, kuma fosfet yana ɗaure wani kaso nasa.

Feshi kuwa na ceto ne, ga masarar da ta riga ta fito ta nuna alama. Awonsa giram 5 na zink salfet mai ƙyalli a kowace lita ta ruwa, wato giram 80 a famfon goyo mai lita 16, ko giram 100 a mai lita 20. Ka je wurin mai sikeli ya auna maka sau ɗaya, ka zuba a gwangwani ka yi masa alama, ka riƙa aunawa da shi. Ka narkar da shi a bokiti tukuna, ka tace, sannan ka zuba a famfo. A yi feshin da sassafe ko da yamma lis, lokacin da masara ke da ganye huɗu zuwa shida, a maimaita bayan kwana goma zuwa goma sha huɗu. Kada ka ƙara awo da tunanin za ta fi saurin warkewa, domin ganyen zai ƙone. Kada ka haɗa shi a famfo ɗaya da takin ruwa mai fosfet ko da maganin ciyawa, kuma famfon da aka yi feshin ciyawa da shi a wanke shi sarai kafin a ɗora. Idan kana son haɗa shi da maganin tsutsar masara don rage wahala, ka fara gwadawa a kwalba. In ya yi gudaji ko ya kwanta a ƙasa, to, a raba su. Feshi ba ya barin komai a ƙasa don baɗi, saboda haka tunda matsalar tana dawo maka duk shekara, a ƙasa ya kamata ka sa, sau ɗaya a shekara biyu ko uku. Sawa duk shekara ba tare da awo ba yana iya tara shi har ya hana tsiro shan sinadarin ƙarfe, ka fita daga wata yunwa ka faɗa wata.

Tambaya: Malam, ni sabon shiga ne a noma kuma ba ni da jari. An gaya mini akwai zink a cikin tsohon batirin tocila da ƙwayar zink ta kemis. Zan iya daka su in zuba a gona? (Wani matashi daga Biu)

Amsa: Ina roƙonka, ƙanena, kada ka yi haka. Gaskiya ne ɓawon batirin tocila da zink aka yi shi, amma a cikin batura akwai wasu ƙarafa masu guba, kuma abin da ka zuba a gona yana iya ƙarewa a cikin tuwon gidanku ko a rijiyar unguwa. Ƙwayar kemis kuwa miligiram 20 ce, sai ka tara guda 250,000 kafin ka kai kilo 5 da hekta ke buƙata. A bar wa yara masu gudawa abinsu. Akwai kuma wani baƙin gari da ake kira zink fosfayid, wanda maganin ɓera ne mai kisa, ba taki ba ne ko kaɗan, kuma kamar sunan kada ta ruɗe ka a kasuwa.

Abin da ya fi dacewa da mai ƙaramin ƙarfi yana kusa da kai. Kashin kajin gidan gona yana da zink mai yawa, domin ana ƙara shi a cikin abincin kajin, kuma takin shanu da na awaki da na tumaki duk suna mayar wa ƙasa wani abu, suna kuma taimaka mata ta riƙe wanda ke cikinta a yanayin da saiwa za ta iya sha. Ka bar shi ya ruɓe kafin ka sa, kuma idan bai isa duk gonar ba ka zuba a rami ko a cikin kwarin kunya kafin huɗa maimakon watsawa. Ka daina ƙona kara a cikin gona. Idan za ka sayi kamfa, ka duba buhun, domin yanzu wasu masu haɗa taki suna ƙara zink da farar wuta, kuma za ka ga Zn da S a rubuce bayan lambobin nan uku. Ga ƙaramar gona, kilo ɗaya na zink salfet ya isa feshin hekta guda sau ɗaya idan masarar tana ƙarama, kuma kuna iya haɗa kuɗi ku uku ko huɗu ku saya a shagon da aka sani, a cikin buhu ko leda mai rubutu, ba wanda aka ƙulla a farar leda babu suna ba.

Tambaya: Malam, ni ma'aikaciyar lafiya ce, kuma muna ba yara zink idan suna gudawa. Idan maigidana ya sa wannan taki a gonarmu, shin masarar za ta ƙara wa yarana zink a jiki? (Wata uwa daga Zariya)

Amsa: Hajiya, wannan tambaya ta faranta mini rai, domin ta haɗa gona da tukunya, kuma a ganina a nan ne darajar maganar take. Kin fi ni sanin cewa tun 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ba da shawarar a haɗa wa yaro mai gudawa ruwan gishiri da sukari da kuma zink na kwana 10 zuwa 14, kuma ƙarancinsa a jiki yana cikin abubuwan da ke tsugunar da girman yara, kusan kamar yadda yake tsugunar da masarar. Amsar tambayarki ita ce e, yana ƙaruwa, amma ba da yawan da zai wadatar shi kaɗai ba. Ƙwayar masara ta yau da kullum tana ɗauke da kimanin miligiram 20 zuwa 25 na zink a kowane kilo, kuma nazarin 2023 da na ambata a sama ya samu ƙarin kimanin kashi ɗaya cikin huɗu a matsakaici idan an sa takin. Wanda aka sa a ƙasa ya fi ƙara yawan amfani, wanda aka fesa a ganye bayan gemu ya fito kuma ya fi shiga cikin ƙwaya, sai dai feshi a lokacin da masara ta fi mutum tsayi aiki ne mai wuya da famfon goyo. Ta ɓangaren iri ma ana aiki, domin a 2018 an fitar da masara mai yawan zink a ƙasashen Kolombiya da Guwatemala, wadda aka samu ta hanyar barbarar iri.

Sauran aikin a hannunki yake. Mafi yawan zink ɗin ƙwayar masara yana cikin idonta da kuma ɓawon da ke lulluɓe da ita, waɗanda surfe ke cirewa su tafi cikin dusa, saboda haka garin da aka surfa ya yi fari tas ya bar wa awaki kaso mai yawa na abin da maigida ya sa a gona. A ɗaya gefen kuma, hatsi yana da wani sinadari da ake kira fayitet wanda ke riƙe zink a cikin hanji ya hana jiki shansa, kuma jiƙa hatsi, da barinsa ya tsira, da barinsa ya yi tsami kamar yadda ake yi wa gasarar koko, duk suna rage ƙarfinsa. Don haka ki rage tsananin surfe idan masu cin tuwon za su karɓa, ki riƙa yi wa ƙananan kunu da gasarar da ta kwana, ki haɗa da gyaɗa ko waken suya, kuma duk lokacin da hali ya samu a sa ɗan nama ko hanta ko kifi a miya, domin zink ɗin da ke cikinsu jiki ya fi saurin ɗauka, suna kuma taimaka masa ya ɗauki na cikin hatsin. Yaron da gudawa ta kama kuwa a ci gaba da ba shi ƙwayarsa har kwanakin su cika, ko da gonar gidan ta sha zink.